Yadda Makaho Zai Riƙe Ragamar Taron Intanet Da Kansa

Ƙungiyarmu ta masu lalurar gani tana zama duk Asabar ta biyu a wata, kuma tun kullen korona na 2020 yawancin zaman ya koma intanet. Ko da aka buɗe gari ba mu koma yadda muke da ba, domin lissafin a fili yake: wanda ke Rigasa ko Kawo ko Barnawa sai ya biya kuɗin keke na mutum biyu, nasa da na ɗan jagora, balle 'yan'uwanmu na Zariya da Kafanchan. Ni ne magatakarda, don haka buɗe taro a wuyana yake. Kusan shekara guda ɗan ƙanena ne ke zama a gefena yana danna min komai. Ranar da ya tafi rubuta jarrabawa, mutum goma sha bakwai suka yi ta jira a ƙofar taro har suka gaji suka watse, ni kuwa ina zaune gaban kwamfuta ban san inda zan taɓa in shigo da su ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Daga wannan makon na duƙufa na koya, kuma abin da na koya shi ne nake son in miƙa maka, ɗan'uwa, daki-daki.

Zan yi bayani ne a kan kwamfuta mai Windows da manhajar NVDA, wadda ke karanta mana abin da ke fuskar kwamfuta. Makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka kafa ta, Michael Curran da James Teh, an faro aikinta a 2006, kuma kyauta ce har yau. Mai amfani da JAWS ko Narrator kada ya ce ba da shi ake ba, domin maɓallan manhajojin taro, wato Zoom da Meet da Teams, ba sa canzawa ko wace murya ce ke karanta maka. Duk inda na ce maɓallin NVDA, ina nufin Insert ko Caps Lock, gwargwadon wanda ka zaɓa.

Kafin ranar taro

Abu na farko, ka mallaki iyafis ko hedifon mai waya. Wannan ba ado ba ne. Na taɓa zama a wani taro inda wata baiwar Allah take sauraro ta lasifikar kwamfuta, makirfonta a buɗe. Wani ya turo mata saƙon sirri a kan maganar bashi, NVDA ta karanta da ƙarfi, makirfo ya ɗauka, kowa ya ji. Aka yi tsit. Ba ta sake zuwa zama ba sai da aka je har gida aka ba ta haƙuri. Muddin muryar NVDA tana fita ta lasifika, to duk abin da ka karanta kamar a tsakiyar kasuwa ka karanta shi. Na fi son mai waya saboda ba ya buƙatar caji, kuma ba ya yanke farkon magana kamar yadda wasu marasa waya suke yi.

Sai ka saukar da manhajar Zoom ta kwamfuta, ka buɗe saitinta tun babu kowa a kanka. Ana yawan sauya tsarin wurin, amma sunayen ba sa nisa da waɗannan. A sashen Audio, ka sa alama a zaɓin da ke rufe makirfonka da zarar ka shiga taro, da wanda ke haɗa sautin kwamfuta kai tsaye ba tare da an tambaye ka ba. A sashen Video, ka zaɓi shiga kyamara a kashe. Tab ke kai ka gaba, Shift da Tab ke mayar da kai baya, Space ke sa alama ko cirewa. A sashen Audio ɗin dai akwai rage hayaniyar bayan fage. In gidanku na bakin titi ne ko maƙwabci na tayar da janareto, ka ɗaga shi zuwa mafi ƙarfi.

Wurin da ya fi cancantar ka ɓata lokaci shi ne sashen Accessibility. A can akwai jerin sanarwar da Zoom ke aika wa NVDA: wane ya shigo, wane ya fita, an turo saƙo, wane ya ɗaga hannu, an fara naɗa, an rufe maka makirfo. In ka bar su duka a kunne a taron mutum talatin, inda sabis ke jefar da mutane yana dawo da su, ba za ka ji ko jimla ɗaya ta mai magana ba. Ni idan mahalarci ne kawai, ina kashe sanarwar shiga da fita, in bar ta makirfo da ta naɗa. Idan ni ke riƙe da taro, dole in bar ta masu jira a ƙofa da ta ɗaga hannu. Sanarwar saƙonni kuwa ya danganta da mutanen: in masu yawan rubuta sallama da godiya ne, a kashe ta, a riƙa leƙawa lokaci-lokaci.

Daga nan ka shiga sashen Keyboard Shortcuts, ka nemo layin rufe makirfo da buɗe shi, ka sa masa alamar da ke mayar da shi na ko'ina. Amfanin wannan shi ne, ko kana cikin Word kana karanta ajanda aka kira sunanka, Alt da A zai buɗe maka baki ba sai ka koma tagar Zoom ba. Wannan ɗaya kaɗai za ka yi wa haka. In ka yi wa sauran, za su ƙwace maɓallan wasu manhajoji su rikita ka.

In ka gama, ka rubuta zoom.us/test a burauza. Taron gwaji ne da babu kowa a ciki, za a buga maka sauti a tambaye ka ko ka ji, a naɗi muryarka a mayar maka. Ka zauna a nan ka maimaita maɓallan da zan lissafa har yatsunka su haddace su.

Murya biyu a kunne ɗaya

Babbar wahalarmu a taro ita ce mutum na magana, NVDA na magana. Ctrl shi kaɗai yana katse NVDA nan take, kuma shi ne maɓallin da na fi dannawa a kowane zama. NVDA da Shift da D yana rage ƙarar sauran sautuka a lokacin da NVDA ke magana, amma sai wadda aka girka a kwamfuta, ba ta kan filashi ba. Wanda ya fi burge ni shi ne abin da aka ƙaro a fitowar 2024.2, wato raba sauti: NVDA da Alt da S zai iya tura muryar NVDA kunnen hagu, taron kuma ya koma kunnen dama. Tunda na fara amfani da shi kaina ya daina ɗaukar zafi bayan zama. Akwai kuma NVDA da S da ke sa ta yin shiru gaba ɗaya, sai dai ina jan kunne a kansa, domin in ka manta ka kashe ta za ka ɗauka kwamfutar ce ta sandare.

Kyamara

A zamanmu na cikin gida ba ruwanmu da kyamara. Amma in taron neman aiki ne ko na wata hukuma, sau da yawa ana son a ga fuska, kuma haƙƙinka ne ka fito tsaf kamar kowa. Karon farko da na kunna tawa, 'yata ta leƙo ta ce, "Baba, silin da fanka kawai ake gani, sai saman hularka." Ta sunkuyar da murfin kwamfutar kaɗan, ta juya ni na fuskanci taga maimakon in ba ta baya, domin haske in yana bayanka fuskarka duhu take zama. Sai muka liƙa salatif a kan tebur daidai kusurwoyin kwamfutar, muka sa wani a ƙasa inda ƙafafun kujera ke tsayawa. Buɗin murfin kuma na auna shi da tafin hannuna. Tun ranar ban sake neman kowa ba: in lalubo salatif, in daidaita, in auna, shi ke nan. Ka tuna ka shafa kyamarar ka ji ko tana da ɗan murfin da ake turawa, ka kuma san abin da ke rataye a bangon bayanka.

Shiga da zama a ciki

Idan ka danna adireshin taro, burauza za ta tambaye ka ko ta buɗe Zoom. Ka yi Tab har ka ji Open, ka danna Enter. In lamba aka ba ka, ka buɗe Zoom ka je kan Join, ka rubuta lambar da kalmar sirri. Ka duba sunan da za ka shiga da shi, ka rubuta cikakken sunanka.

Da ka shiga, kada ka yi magana tukuna. Danna NVDA da T ka ji sunan tagar da kake ciki. Wannan ɗabi'a ita ce gishirin aikin, domin kusan duk lokacin da mutum ya ce maɓalli ya ƙi aiki, za ka tarar ba a tagar taro yake tsaye ba. In ka ɓace, Alt da Tab zai zaga da kai cikin tagogin da ke buɗe, Ctrl da Alt da Shift a tare zai kai ka kan maɓallan taron, F6 kuma yana yawo da kai tsakanin ƙananan tagogin Zoom.

Ga maɓallan yau da kullum. Alt da A na makirfo ne, Alt da V na kyamara, Alt da Y na ɗaga hannu da sauke shi. Alt da H yana buɗe akwatin saƙonni, Alt da U yana buɗe jerin mahalarta. Ctrl da 2 yana faɗa maka sunan mai magana, abin da ke fitar da kai kunya a taron baƙi inda ba ka san muryoyi ba. Duk lokacin da ka danna Alt da A, ka saurari abin da aka ce maka, an rufe ko an buɗe. Kada ka dogara da tunaninka, domin mai taro na iya rufe ka ba ka lura ba, sai ka danna da niyyar rufewa ashe buɗewa ka yi. Masu gani suna son riƙe Space su yi magana su saki, amma ni ba na ba makaho wannan shawara, saboda in kana tsaye a kan wani maɓalli yana iya danna shi.

A akwatin saƙo, kafin ka rubuta komai ka koma baya da Shift da Tab ka ji wa za a aika wa, kowa da kowa ne ko mutum ɗaya. In ka gama ka rufe akwatin da Alt da H.

Maganar data ma ta shafe mu, kuma a nan muna da riba. Murya kaɗai a Zoom tana cin kilobit 60 zuwa 80 ne a daƙiƙa, alhali hoton bidiyo yana farawa daga wajen 600 ya haura. Me zai sa ka biya kuɗin hoton da ba ka gani? Zoom na da zaɓin tsayar da bidiyon da ke shigowa, Teams ma haka, a Meet kuma cikin saitin bidiyo za ka iya zaɓar karɓar murya zalla. Da wannan, ko sabis ya yi rauni da yamma maganar ba ta cika yankewa ba.

Idan kai ne mai taro

Shiga minti goma sha biyar kafin lokaci. Danna NVDA da Shift da B ka ji yawan cajin da ya rage, domin wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Ka ajiye wayarka kusa, cike da caji, da adireshin taron a ciki, don in intanet ɗin gida ya yanke ka jona kwamfuta da datar waya. Alt da Shift da I yana kwafo adireshin gayyata, sai ka liƙa wa wanda ya ce nasa ya ɓace.

Tun Afrilun 2020, bayan da ɓata-gari suka riƙa kutsawa tarurrukan mutane, Zoom ta mayar da kalmar sirri da ɗakin jira abin da ake farawa da shi a asusun kyauta. Ɗakin jiran nan shi ne ya kayar da ni a wancan karo, ga shi kuwa abu ne mai sauƙi. Danna Alt da U. Masu jira suna saman jerin. Sauka da kibiyar ƙasa ka ji suna, ka yi Tab zuwa Admit, ka danna Enter. In sun taru da yawa kuma duk ka san su, akwai Admit all. Ni ina barin wannan jeri a buɗe daga farkon zama har ƙarshe, a nan nake tsayawa, domin daga nan ake komai.

Za ka ji sunaye irin su Tecno ko Infinix ko iPhone, wato waɗanda suka shigo da sunan wayarsu. Mai gani zai kalli fuska ya gane, mu kuwa sai mun tambaya. Ina shigo da mutum, in ce, "Salamu alaikum, wane ne ya shigo da Infinix?" In ya amsa, sai in tsaya kan sunansa, in yi Tab zuwa More, in zaɓi Rename in rubuta sunansa na gaskiya. Minti biyu ne, amma zai sauƙaƙa maka sauran zaman, kuma rajistar mahalarta ta fito daidai.

Bayan addu'ar buɗewa, ka shimfiɗa ƙa'ida da bakinka: duk mai magana ya fara da faɗin sunansa, mai son magana ya ɗaga hannu, wanda ba ya magana ya rufe makirfo. Ga masu shigowa ta waya, ka gaya musu maɓallin makirfo na jerin ƙasa ne daga hagu, su lalubo shi da TalkBack ko VoiceOver, masu karanta fuskar waya, su taɓa sau biyu. Duk da haka za a samu wanda rediyonsa ke kunne ko yara na wasa a kusa. Alt da M yana rufe kowa banda kai. Kafin in danna nakan ce, "Iyayena da yayyena, ku gafarce ni, zan rufe kowa, mai magana ya buɗe nasa." Dattijo ba ya jin daɗi a rufe masa baki babu sanarwa, kuma yana da gaskiya. Ka sani kuma ba za ka iya buɗe makirfon mutum da ƙarfi ba, sai dai ka danna Ask to unmute a aika masa roƙo, shi ya amince.

Waɗanda suka ɗaga hannu suna hawowa saman jerin mahalarta bi da bi, na farko a sama. Wannan ya kashe mana gardamar wa ya riga wa. Sai in ce, "Hajiya, bismillah, bayanki Malam ne." In mutum ya gama, ka sauke masa hannu in ya manta.

Asusun kyauta na Zoom yana ɗaukar mutum 100, amma yana yankewa a minti 40. NVDA da F12 na faɗa maka lokaci. Ni ina sanar da mutane tun farko cewa in ya yanke a sake danna adireshin nan dai, kuma ina tsara ajanda yadda hutun zai faɗo a gaɓa mai kyau. Muna farawa ƙarfe goma sha ɗaya don mu tashi kafin Azahar. In da baƙi daga waje, ka tantance agogo: Nairobi tana gabanmu da awa biyu, Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da awa ɗaya.

Nuna takarda a taro yana buƙatar kulawa. Alt da S ke buɗe wurin zaɓa. Ka zaɓi tagar takardar kaɗai, kada ka zaɓi fuskar kwamfutar gaba ɗaya, in ba haka ba duk saƙon da ya faɗo maka kowa zai gani. Akwai akwatin Share sound: in ka sa masa alama, mutane za su ji muryar NVDA ɗinka. In kana koyar da kwamfuta ne, abin da ake so ke nan, in ba haka ba ka bar shi. Idan kuma wani ne ke nuna tasa takardar, ka sani hoto ne kawai ke iso maka, NVDA ba ta da abin karantawa a ciki. Kana iya gwada NVDA da R ta yi ƙoƙarin tsinto rubutu daga hoton, amma kafin ta gama an wuce shafin. Abin da ya dace shi ne ka nemi a turo maka takardar kafin taro, kuma kada ka ji nauyin cewa, "Ranka ya daɗe, a karanta mana abin da ke kan allon." Najeriya na da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Neman a ba ka abin da kowa ke gani ba roƙon alfarma ba ne.

Meet da Teams

Da yawa daga ƙungiyoyin agaji da ofisoshi a nan Kaduna Meet ko Teams suke turowa, don haka sai ka san nasu. A Google Meet, Ctrl da D na makirfo ne, Ctrl da E na kyamara, Ctrl da Alt da H na ɗaga hannu, Ctrl da Alt da C na saƙonni, Ctrl da Alt da P na mahalarta, Ctrl da Alt da S kuma ya faɗa maka mai magana. Tunda a burauza yake, karon farko Chrome za ta nemi izinin makirfo. In ba ka ji tambayar ba, Alt da Shift da A zai kai ka kanta, ka zaɓi Allow. In maɓalli ya ƙi ci, danna NVDA da Space ka sauya daga yanayin karatu zuwa na rubutu. Na kyauta yana kai minti 60 ga taron jama'a.

A Teams kusan komai da Ctrl da Shift ake yi: M makirfo, O kyamara, K ɗaga hannu, E nuna takarda, H fita. Ctrl da ɗigo yana kawo cikakken jerin. Tunda maɓallin makirfo ya bambanta a manhajojin uku, kafin kowane taro ina faɗa wa kaina da baki wanne nake ciki, in aza yatsuna a kan nasa.

Naɗa da tashi

A matsayina na magatakarda ina naɗar zama don rubuta rahoto, amma sai na nemi izinin mutane tukuna. Alt da R ke farawa da tsayarwa, Alt da P ke dakatarwa, misali in an shiga maganar da ta shafi sirrin wani.

In an shafa fatiha, danna Alt da Q. Za a ba ka zaɓi biyu: End meeting for all, wanda ke rufe wa kowa, da Leave meeting, wanda ke fitar da kai kaɗai. In wasu na son su tsaya gaisawa, ka zaɓi na biyu ka miƙa wa ɗayansu ragama. Kada ka cire iyafis ka fara maganar gida sai ka danna NVDA da T ka tabbatar tagar taron ta tafi. In ka naɗa, wata ƙaramar taga za ta fito tana sarrafa abin da aka naɗa. Ka bar kwamfutar a kunne har ta kammala, in caji ya yi ƙasa ka jona ta. Bayan nan ka shiga Documents, ka buɗe jakar Zoom, za ka tarar da jaka mai kwanan watan ranar. A ciki akwai fayil na murya zalla, wanda ya fi na bidiyon sauƙin nauyi. Shi nake tura wa 'yan'uwan da sabis ya hana su shiga, su saurara da daddare.